Lantus na biro ko Mixtard na kwalba? Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan Baba

'Yar'uwa, na ga tambayarki: Baba yana kan allurar insulin ta ciwon suga, Lantus na biro (allura mai siffar biro), kuɗin ya fi ƙarfinku, mai kemis kuma ya ce ku koma Mixtard na kwalba. Allah ya ba shi lafiya. Mun sha wannan da mahaifiyata, don haka bari in jera miki su.

Tsadar dai ba daga mai kemis ta faro ba. Daga waje ake shigo da insulin, kuma kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa a duniya: Novo Nordisk, Eli Lilly da Sanofi. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, magani ya bi ta.

Wajen kuɗi, kada ki auna biro ɗaya da kwalba ɗaya. Biro yunit 300 ne a ciki, kwalbar U-100 (mai yunit 100 a kowane mililita) kuwa yunit 1,000. Mai yin yunit 30 a rana, biro kwana goma zai yi masa, kwalba ta kai shi wata. Nan kam kwalba ce a gaba nesa ba kusa ba.

A jiki ne suka rabu sosai. Lantus garau yake kamar ruwa, sau ɗaya a rana, yana tafiya a hankali har kusan awa 24 ba tare da ya yi tsalle ba. Mixtard fari-fari ne, sai an murza kwalbar a tafin hannu ta gauraya, domin haɗi biyu ne: kashi 30 mai saurin aiki, kashi 70 mai jinkiri. Yawanci safe da yamma ake yin sa, minti 30 kafin abinci, kuma da zarar allura ta shiga, abincin ya zama dole. Ranar da Mama ta ɗan taɓa tuwon dare ta ture kwanon, wajen ƙarfe biyu na same ta sharkaf da gumi, hannu na karkarwa, sai da na jiƙa suga na ba ta ta dawo daidai. Tun daga ranar, kullum akwai ƙullin suga a gefen gadonta. Faɗuwar suga cikin dare ta fi yawa da irin wannan insulin, amma wajen saukar da sugan kansa ba ya kasa Lantus ga mai ciwon suga na manya. Magani ne na gaske, kada wani ya sa ku ji kamar kun rage wa Baba daraja.

Ido ma abin dubawa ne. Biro murzawa ake yi ana jin ƙas-ƙas, sirinji kuwa sai an karanta layuka ƙanana. In idon Baba ya yi rauni, wani ya riƙa ja masa. Kuma sirinjin ya dace da kwalbar: U-100 da U-100, ba na U-40 ba.

Zafi yana lalata dukansu. In babu wuta, a ɗaure a leda a ajiye a jikin randa mai sanyi, ba cikin ƙanƙara ba.

Ni a ganina, in Baba yana cin abinci kan lokaci kuma akwai mai kula da shi da dare, ku koma kwalba, ta hannun likita, domin ba a kwafe yunit ɗin Lantus a kai kan Mixtard. Abin da nake roƙonki da Allah shi ne kada ku riƙa rage allura don biro ya daɗe. Ku yi gwajin suga safe da dare na mako guda, ku tafi wa likita da takardar, ku kuma tambaye shi ko akwai glargine (wato irin insulin ɗin da ke cikin Lantus) na wani kamfanin mai lambar NAFDAC da ya fi sauƙin kuɗi.