Rumfar tsofaffin littattafai a Sabon Gari, inda na samo Balaraba Ramat

Littattafan Hausa na shekarun 1980 da 1990 sun zama sai an tona a Kano. Masu karatu sun koma waya, marubuta na sakin labari a WhatsApp, rumfunan littafi da dama kuwa yanzu caja da murfin waya suke sayarwa. Wannan rumfa ta cikin kasuwar Sabon Gari tana cikin 'yan kaɗan da suka ƙi canza sana'a. Ƙarama ce, ba allo a ƙofa, idan mutum biyu suka shiga sai na uku ya jira a waje.

Littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu na je nemar wa 'yata. Ina ambaton sunan, mai rumfar, wani dattijo mai gilashi, ya ce, "Hajiya, wanne daga ciki?" Bai duba takarda ba, ya tura yaronsa can ƙasan kanta ya zaro Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, duka na 1990. Budurwar Zuciya, littafinta na farko na 1987, ya ce ya ƙare, in bar sallahu.

Abin da ya fi kayan rumfar daraja shi ne kan dattijon nan. Yana kaɗe ƙura yana ba ni tarihinta: an haife ta a Kano a 1959, ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammad ce, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren bai daɗe ba ya mutu, daga baya ta koma neman ilimi da ƙarfinta. Na ce, "Baba, ashe Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila?, wadda ita ma aka cire daga makaranta aka yi mata aure, ba daga sama ta faɗo ba." Ya yi dariya kawai. Ya kuma tuna zamanin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, lokacin da ita da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan Azumi Baba ke buga littattafansu da aljihunsu, wasu malaman jami'a na yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, da raini a ciki.

Ni dai ban taɓa yarda a jefa Alhaki cikin kwandon littattafan soyayya ba. Ina soyayyar take? Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara, Rabi ta kama sayar da abinci tana riƙe su. Da gobara ta cinye masa shago, aka dawo ana matsa mata ta koma ta ɗauki wahalarsa. Shagon nasa ma a wannan kasuwa ta Sabon Gari marubuciyar ta ajiye shi. Wannan littafi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012. Fassarar babu ita a rumfar, kada ku wahalar da kanku.

To, aibin. Takardar ta yi ja, tawada ta dushe a wasu shafuka har sai ka matsa kusa da haske. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fara miƙo mini hoton na'ura ne aka ɗinke da zare, an kuma tsallake shafuka a tsakiya, daidai inda Rabi ke barin gidan. Da na nuna masa bai yi gardama ba, ya canza. Sai dai ina tambayar kaina ko sisin kwabo daga irin wannan kwafi yana isa hannun wadda ta rubuta. Wannan ya tsaya mini a rai.

Kuɗi da sauƙi. Ya sa naira 2,000 kowanne, na taya 1,000, ya ce albarka, muka tsaya a 1,500. Ba ya karɓar tiransifa, ku riƙo tsabar kuɗi. Ku je da hantsi kafin layin ya cika da 'yan dako da masu baro, kuma ku ƙirga shafi ɗaya bayan ɗaya kafin ku biya.