Hattara da masu tallan injin tanin ƙarfe a waya

Masu sana'ar tanin ƙarfe, musamman yaran da iyayen gidansu suka yaye suna shirin buɗe nasu wurin, ku yi hattara. Damfara ta shigo cinikin injin tanin na hannu, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa na fere shi, kuma kashi biyu ce.

Na farko ba su da injin ma sam. Hoton injin Colchester ko Harrison, ƙirar Ingila, suke kwafowa daga intanet su liƙa a Facebook da WhatsApp, su sa farashin da ko a kasuwar gwangwan ba a sayar da shi haka. Kana kira a ce: "Alhaji, kayan na Apapa, kuɗin fito kawai ya rage, turo kafin alƙalami kada wani ya riga ka." Ka tura, gobe a ce kuɗin mota, jibi layin a kashe. Maganinsu sauƙi ne: ka ce a kira ka ta bidiyo, a rubuta sunanka da alli a jikin injin, a nuna maka lambar da aka buga a kan gadonsa, wato dogon ƙarfen da sassan injin ke zaune a kai. Nan take sabis ɗinsu zai lalace.

Na biyun sun fi haɗari, domin injin na nan, ga shi kana taɓawa. Tsoho ne da ya gama cin zamaninsa, an cike tsagar da ke jikinsa da fila, an fesa sabon fenti har kan sukurori, an ɗura giris mai kauri a akwatin giya don kukan haƙoran ya kwanta. Fenti ba ya yanka ƙarfe, malam. Gadon injin ake dubawa, kuma kusa da cok, wato bakin da ke riƙe ƙarfen da ake aiki a kai, yake cinyewa, saboda a nan yawancin aiki yake. Ɗaure keken da ke ɗauke da wuƙa a kusa da cok daidai yadda zai iya motsi, sannan ka tura shi zuwa wutsiya, wato ɗaya ƙarshen gadon. In ya cije a hanya, gadon ya zaizaye, kuma gyaransa na iya cin kuɗin wani injin. Sa sandar ƙarfe a cok ka girgiza, in akwai wasa to boris ya tafi. Sannan a yanka sanda a gabanka, ka auna bakin nan da bakin can. In awon ya bambanta sosai, duk shaf ɗin da za ka yi wa mai injin niƙa haka zai fito, kai kuma za a zaga.

Uzurin da suka fi so shi ne babu wuta. Gaskiya ne yawancin manyan injinan nan wutar layi uku suke sha, mai ƙarfin bolt 415, to amma wanda ke neman miliyoyinka ba zai kasa hayar janareto na awa ɗaya ba. Ka ƙirga giyoyin yanka zaren sukuri da haƙoran cok tun kafin ciniki, don wasu na ɓoye su, daga baya su sayar maka daban.

Kada ka je kai kaɗai. Ɗauki tsohon ma'aikaci daga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ka biya shi ladan ƙafarsa daga aljihunka, ba daga la'adar dillali ba. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar, ya adana rasit da hirarsu ta waya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.