Hattara da masu tallan "kulob ɗin golf" a tsibiran Kanari

'Yan uwa masu sha'awar wasan golf, duk wanda ke shirin zuwa Tenerife ko Gran Canaria ya karanta wannan kafin ya tashi. Abin ya faru da yayana, kuma har yau ransa a ɓace yake.

Tsibiran nan na ƙasar Sifaniya ne, suna cikin Tekun Atlantika, ana buga golf a cikinsu rani da damina saboda yanayin bai da tsanani. Kulob ɗin golf na Las Palmas da ke Gran Canaria tun 1891 aka kafa shi, shi ne mafi tsufa a duk Sifaniya. Da wannan kyakkyawan suna 'yan damfara ke farauta.

Yayana na yawo a bakin teku a kudancin Tenerife, wata budurwa ta miƙa masa kati ta ce ya kankare. Ya kankare, wai ya ci kyautar hutun mako guda. Aka saka shi a tasi zuwa wani ofis. Nan suka riƙe shi awanni, ana ta romon baka: shiga kulob, ka samu masauki a kowane tsibiri, ka buga rami 18 a manyan filaye kan kuɗi kaɗan, shekara da shekaru. Sharaɗi ɗaya, a biya yau, gobe farashin ya tashi. Gajiya da kunya suka sa ya biya. Da ya nemi a ba shi lokacin buga wasa, kullum "babu gurbi". Ya kira filayen da kansa, suka ce ba su san kulob ɗin ba.

Ga abin da ya kamata ya sani tun farko. Dokar Tarayyar Turai kan irin waɗannan yarjejeniyoyin hutu ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da ya biya komai ba, kuma ta haramta karɓar kafin alƙalami a cikin kwanakin nan. Duk wanda ya ce ka biya nan take, ya riga ya taka doka, ka miƙe ka fita. Kada ka tura kuɗi ta banki. Da katin kiredit ko ba komai kana da hanyar neman a maido maka. Kuma kafin ka sa hannu, ka nemi lambar filin golf ɗin daga shafinsa na intanet, ka tambaya ko suna da hulɗa da kamfanin.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo ne bayan watanni. Wani ya kira yayana, ya ce lauya ne, zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya biya kuɗin aiki tukuna. Ya san sunansa, ya san nawa ya biya. A ina ya samo? Wannan karon dai yayana ya kashe wayar.