Jos, Kano, Ibadan ko Ƙetare: Inda Malami Zai Nemi Digiri na Biyu a Ilimin Masu Buƙata ta Musamman

Na taɓa zama a bayan aji a wata makarantar kurame ina kallon sabon malami da aka turo, mai digiri na biyu a ilimin masu buƙata ta musamman. Ya shigo da shirinsa tsaf, ya ɗauki alli, ya juya ga allo yana rubutu yana bayani da baki. Yara suna ta kallon ƙeyarsa. Wata yarinya a layin gaba ta buga benci da tafin hannu don ya waiwayo, shi kuwa ya ɗauka rashin kunya ce. Wadda ta fid da shi kunya ran nan wata malama ce mai takardar shaidar malanta ta NCE kawai, wadda ta yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo. Ta zo ta tsaya inda hasken taga ke sauka a fuskarta, ta ɗaga hannu, aji ya natsu.

Malamin ba malalaci ba ne. Daga baya na ga kundin bincikensa: ya raba wa malamai takardun tambayoyi kan ra'ayinsu game da haɗa yara masu naƙasa da sauran yara a aji ɗaya, ya yi lissafi, ya ci jarrabawa da maki mai kyau. Abin da aka sayar masa ke nan, shi kuma ya saya. Digiri na biyu a mafi yawan jami'o'i horo ne na bincike da nazari. Ana ɗauka cewa kafin ka zo ka iya maganar hannu, ko ka iya rubutun makafi. Idan ba ka iya ba, da wuya wata goma sha takwas na lacca su koya maka.

Saboda haka kafin ka sayi fom, ka tsai da magana ɗaya da kanka: wane yaro za ka koyar? Kurma ne, ko makaho, ko mai jinkirin fahimta, ko wanda lafiyarsa ƙalau amma haruffa ke rikice masa? Ko kuwa yaran nan da mutanenmu ke haɗawa a buhu ɗaya su kira galahanga, alhali larurorinsu daban-daban ne, kowace da irin hanyar koyarwarta? Amsar ita za ta nuna maka jami'a, domin kowane sashe akwai inda ya fi ƙarfi.

Difloma ko mastas?

Wanda digirinsa na farko ba na koyarwa ba ne, misali ya karanci kimiyya ko Larabci ko tattalin arziki, ƙofarsa ita ce babbar diflomar koyarwa, wato PGDE, wadda jami'o'i da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suke bayarwa. Ita ke ba shi damar rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, da neman mastas, wato digiri na biyu, a fannin ilimi. Sai dai PGDE ta gama-gari ce, darasin masu buƙata ta musamman a cikinta taɓa ka lashe ne.

Wanda kuma yake da digirin koyarwa amma a wani darasi, ya bincika tun wuri ko sashen da yake so yana karɓar irinsa kai tsaye, ko sai ya fara yin diflomar fannin. Kada ya ga kamar ɓata lokaci ne. A ganina, malamin lissafi da ya yi shekara guda yana koyon rubutun makafi, wato Braille, da maganar hannu kafin mastas ya fi wanda ya tsallake amfani nesa ba kusa ba. Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne ko'ina: digiri mai daraja ta biyu, takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamako daga tsohuwar jami'arka. Wannan na ƙarshe shi ke makarar da mutane. Ka fara bin sawunsa wata uku kafin a buɗe sayar da fom, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani bambanci da ake yawan ganewa bayan an makara. Mastas iri biyu ne, na ilimi mai kundin bincike, da na ƙwarewar aiki. Na biyun ya fi sauƙin shiga, sau da yawa a ƙarshen mako ake yinsa, amma jami'o'i da dama ba sa karɓarsa don digirin digirgir. In kana da burin koyarwa a kwalejin ilimi ko jami'a, na farkon za ka nema, kuma ka riƙe makinka sama, domin akwai jami'o'in da ke neman kashi 60 cikin 100 kafin su bar ka ka wuce.

Jami'o'in gida

Ga ɗan Arewa, sunaye biyu ne ke fara zuwa baki: Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano. Jos tana da sashen ilimi na musamman da kimiyyar gyaran rayuwar masu naƙasa, kuma ƙasar Filato ta daɗe a wannan harka. A Gindiri aka buɗe makarantar makafi tun 1953, ta hannun 'yan mishan, ga kuma makarantar kurame a Bassa. Amfanin wannan ga ɗalibi shi ne wurin gwaji yana kusa, kuma za ka zauna da kurame da makafi a matsayin abokan karatu, ka ci abinci da su, ka yi musu da su. Wanda ke son ilimin makafi ko na kurame, ni Jos zan fara nuna masa.

Kano kuwa tana da abin da ba a saye da kuɗi ga malamin da zai yi aiki a ƙasar Hausa. Makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki tana cikin gari, iyayen da za ka yi bincike a kansu Hausawa ne, matsalolin da za ka gani su ne waɗanda za ka koma ka tarar a garinku. Ga kuma maganar kuɗi: malamin da ke aiki a Jigawa ko Katsina ko Kano zai iya riƙe aikinsa da iyalinsa yana zuwa yana dawowa.

Akwai wani abu game da Kano da ya kamata mai son ilimin kurame ya sani. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Najeriya daga ta Amurka ta samo asali. Andrew Foster, kurma baƙar fatan Amurka da ya gama Gallaudet, babbar makarantar kurame ta Amurka, a 1954, shi ya kawo ta Afirka ta Yamma, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960. Amma kuraman ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannun tun kafin zuwan boko, wadda ake yi a kasuwa da majalisa da gida. Yaron da aka kawo maka aji ɗaya daga ƙauye da wannan yake zuwa, ba da ta makaranta ba. Malamin da ya iya duka biyun shi ne gada tsakanin yaro da boko, kuma tsakanin makaranta da uwar yaron. Wannan fage ne da har yanzu yake neman masu bincike, kuma Bahaushe ne ya fi cancanta ya shige shi.

Jami'ar Ibadan ita ce ta fi yawan rassa: ilimin kurame, na makafi, na masu jinkirin fahimta, na masu matsalar koyo, na yara masu baiwa, har da fannin gwajin ji da gyaran magana. Idan abin da ke ranka shi ne na'urar auna ji, da yaron da in'ina ko naƙasar baki ta hana shi magana, can ya fi dacewa. Farashinta nisa ne, da tsadar masauki, da kuma cewa yaran da za ka yi gwaji da su Yarbanci suke ji a gida. Jami'ar Kalaba ma tana da sashen, amma ga mutumin Sakkwato ko Maiduguri tafiyar ta yi yawa sai da dalili mai ƙarfi.

Duk inda ka zaɓa a gida, ka sa yajin aikin malaman jami'a a lissafi. Na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Karatun da aka rubuta zango uku ne yakan kai shekara uku, kuma hutun ƙaro ilimin da ma'aikatarka ta ba ka ba ya jiran kowa. Kuɗin rajista shi ne ƙaramin abu. Abin da ke cinye albashi shi ne kuɗin mota, da ɗakin kwana, da buga kundi sau biyar saboda gyara, da zuwa wurin mai duba aikinka ka tarar ya yi tafiya. Ni kaina na taɓa yin tafiyar awa shida don sa hannu ɗaya, na dawo ban same shi ba.

Game da tallafi, kada malamin firamare ko sakandare ya sa rai da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Nata na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Kai naka yana wurin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku ko ma'aikatar ilimi, wato hutun karatu da albashi, kuma sai ka samu takardar amincewa a hannu kafin ka bar aji.

Ƙetare

Mafi kusa da mu ita ce Jami'ar Ilimi ta Winneba a Gana, mai sashen ilimi na musamman da ya daɗe. Da Turanci ake karatu, kuma maganar hannunsu 'yar'uwar tamu ce tunda duka daga hannun Foster suka biyo. Sai dai a matsayin baƙo za a caje ka, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 duk wani kuɗin waje ya zama dutse.

Ingila tana jan mutane saboda mastas ɗinta shekara ɗaya ne cak, ba dogon yajin aiki irin namu. Jami'ar Birmingham ta yi suna a ilimin makafi da tsarin haɗa yara a aji ɗaya, Manchester kuma a ilimin kurame. Da kuɗin aljihu wannan ba na malamin makaranta ba ne, sai dai ta tallafi kamar Chevening, wanda ke neman aƙalla shekara biyu na aiki kuma ya wajabta maka komawa gida na shekara biyu bayan gamawa, ko na ƙungiyar Kwamanwel. Daga Janairun 2024 kuma ɗalibin mastas na darasi, wanda ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa ba, ba ya tafiya da iyali. Ga wata ƙura da ba a cika faɗa ba: maganar hannun Birtaniya daban take da ta Amurka gaba ɗaya, hatta haruffa su da hannu biyu suke yi, mu da hannu ɗaya. Malamin kurame da ya je can zai samu ilimin ka'ida mai kyau, amma hannunsa bai ƙaru da abin da zai yi wa yaran Tudun Maliki ba. Shi kam Jami'ar Gallaudet da ke Washinton, wadda aka kafa a 1864, ta fi dacewa da shi, in Allah ya buɗa hanyar wani tallafin karatu.

Sannan ka sani tsarin da za a koya maka a can an gina shi ne kan aji mai yara kaɗan, da mataimakiyar malami, da rubutaccen shirin koyarwa ga kowane yaro shi kaɗai. Kai kuwa aji mai yara tamanin za ka koma. Ilimin yana da amfani, amma aikin sake ɗinka shi daidai jikinmu a kanka yake.

Karatun intanet kuma fa? Ga wanda ya riga ya iya aikin, yana neman takardar ƙarin girma ko zurfin nazari, babu laifi, matuƙar jami'ar sananniya ce kuma ka tabbatar ma'aikatar ilimi ta tarayya za ta amince da takardarta. Ga sabon shiga, a'a. Ba a koyon koya wa makaho tafiya da sanda ta waya. Ka kuma yi hattara da masu tallan mastas na wata shida a maƙwabta. Bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya samu digiri a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, mutane da yawa suka wayi gari da takardar da ba ta da kasuwa. Araha ba ta ado.

Shin akwai aiki a gaba?

Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun masu naƙasa. An kafa hukumar ƙasa ta masu naƙasa a 2020. A takarda ke nan. A ƙasa, ɗaukar aikin yana tafiyar hawainiya, kuma kada ka zaci mastas zai ɗaga albashinka washegari. Inda na ga ƙofa ta fi buɗewa shi ne kwalejojin ilimi, da ƙungiyoyin agaji masu aikin ilimi a Arewa, da makarantu masu zaman kansu a Abuja da Kano da Kaduna, inda iyayen yara masu matsalar koyo ke neman ƙwararre ido rufe. Waɗannan wuraren kuwa a ranar ganawa sukan kawo maka yaro ko su ajiye maka na'ura su ce bismillah.

Don haka kafin ka biya kuɗin fom, ka sadaukar da kwana ɗaya ka je sashen da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka ce a nuna maka ɗakin kayan aiki. Ka nemi na'urar rubutun makafi ta Perkins, mai maɓallai shida na ɗigo da dogon maɓalli a tsakiya, ka saka takarda ka danna ka ji ko ɗigon ya fito ko ta daɗe da cijewa. Ka tambaya ko kwamfutocin suna da manhajar da ke karanta wa makaho rubutu, JAWS ko NVDA wadda kyauta ce. Ka tambaya mako nawa ɗalibin mastas ke yi a makarantar gwaji, kuma wa ke zuwa duba shi a can. Ka tambayi malamai nawa ne a reshen da kake so, domin idan mutum ɗaya ne kuma ya tafi hutun shekara, kundinka ya tafi tare da shi.

Bayan ka gama da ofis, ka fita ka nemi inda 'yan mastas ke zama, galibi ƙarƙashin wata bishiya kusa da mai kwafin takardu. Ka saya wa ɗaya lemo, ka tambaye shi shekarar da ya shigo, da kuma wata nawa babinsa na uku ya yi a kan teburin mai duba shi.