Kayan motsa hannu na tsofaffi masu mantuwa, abin da na gani

Jama'a masu jinyar tsofaffin da ruɗewar tsufa ta kama, ga ra'ayina kan kayan motsa hannun nan da ake kawowa Damagaram daga Kano. Kala uku ne cikin leda guda, ƙwallon roba mai laushi, da wani zobe na roba da ake matsawa, sai mai sifirin na ƙarfe irin na ƴan motsa jiki. Innarmu muka saya ma, don hannunta ya fara sanyi, ko kofin shayi sai ya kuɓuce mata.

Ƙwallon wallahi ya yi, ya cika tafin hannu daidai kuma ba shi da nauyi. Bayan la'asar nake zama kusa da ita bisa tabarma in ce Inna ki matsa mu ƙirga tare, tana matsawa tana salati, wani lokaci ta manta me muke yi ta riƙe shi kawai tana shafawa, kuma ko hakan ma ya rage mata yawan jan bakin zane da tsinke zaren matashi da take yi in hankalinta ya tashi. Yanzu tana riƙe ludayin fura ba ya zubewa kamar da.

Mai sifirin ɗin kam kar ku ba tsoho, ya yi tauri, ga shi yana iya matse fata. Zoben kuma ƙarami ne, mai mantuwa sai ya kai shi baki, na ɓoye shi.

Abin da ya ɓata min rai shi ne mai shagon da ya ce wai kayan nan na dawo da tunani. Ba gaskiya ba ne, kuma zalunci ne a faɗa ma mai jinya haka. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da wannan lalura, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, kuma har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Ƙwallon ƙarfin yatsu yake taimaka ma, kuma sai da mutum a gefe, in ka aje mata ka tafi ba za ta taɓa shi ba. Jan carbi da ɓarar gyaɗa da tsintar wake su ma motsa yatsu ne, kar a hana su.

In tsohon yana da ciwon gaɓoɓi ko shanyewar ɓarin jiki a fara tambayar lokotoro. Kuma a aje ƙwallon a inuwa, zafin garin nan na sa roba ta yi danƙo, a riƙa wanke shi da sabuni.