Likitan da ya fara leƙa bakin Akawal kafin ya zare allura

Saura kwana 20 Babbar Sallah yaron bargata ya buga min ƙofa tun ban gama lazimin asuba ba. Ya ce in zo in ga fuskar Akawal. Na fita da carbi a hannu na tarar da ingarman tsaye a turke, ya sunkuyar da kai, kuncinsa na hagu ya tasa tsakanin ido da hanci kamar an cusa masa rabin lemo a ƙarƙashin fata. Na taɓa wurin, na ji tauri da ɗumi. Ya fizge kai har ragama ta kusa kuɓuce wa yaron.

Dokin nan shekararsa kamar 9, daga kasuwar Maigatari na sayo shi, kuma da shi nake hawa a tawagar hakiminmu. Duk wanda ke riƙe da doki ya san abin da saura kwana 20 ke nufi: an kai sirdi gyara, an wanke jalala, an ƙara masa gero don ya murje.

Kafin hantsi barga ta cika da masana. Wani ya ce zuma ce ta harbe shi, wani ya ce maciji, wani ya ce baki ne, don ranar Juma'a an yi ta yaba shi a wurin kilisa. Kawuna, wanda ya fi shekara 40 yana hulɗa da dawaki, ya ce a bari ya nuna a yi masa sakiya, a ɗura jar kanwa, shi ke nan. Ni kuma na yi abin da ya fi duka wauta. Na je wani shagon magungunan dabbobi, na kwatanta wa mai shagon da baki, ya miƙo min kwalbar allura mai ruwan ɗorawa ya ce wannan ba ta barin kumburi. Bai tambayi shekarun dokin ba, bai tambayi ko yana cin abinci ba. Muka yi masa a wuya. Washegari kumburi ya zama biyu: na fuska na nan yadda yake, ga wuya ya yi sumtum, dokin ko juya kai ba ya iyawa. Daga baya na ji cewa allurar shanu ce mai dogon zango, irin wadda naman doki ba ya ɗauka.

A nan ne wani abokina da ke kula da dawakin folo ya ba ni lambar wani likitan dabbobi mai zuwa har gida. Shi ne dalilin wannan rubutu, domin tun daga lokacin mutum biyar sun tambaye ni ko aikinsa ya kai kuɗinsa.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Ya ce ƙarfe 10 na safe, bai iso ba sai da aka yi la'asar. Na kira sau shida, ya ɗaga sau ɗaya, ya ce yana wata ruga, saniya ta kasa haihuwa. Uzuri ne mai ƙarfi, amma saƙo ɗaya a waya da ya hutar da ni zaman jiran gawon shanu. Wannan hali nasa bai sake ba har muka gama, kuma duk mai niyyar kiransa ya shirya masa.

Da ya iso a kan babur da akwatinsa a baya, sai da ya yi kusan minti goma bai taɓa dokin ba. Ya tsaya daga gefe yana kallon yadda yake numfashi. Ya leƙa komi, ya tona kashin dokin da tsinke, sannan ya fara tambaya. Yaushe kumburin ya fito? Dare ɗaya ya tashi ko a hankali? An shigo da baƙon doki bargar nan cikin mako biyu? Ya sha ruwa a kwatarniya ɗaya da wasu dawaki a wurin kilisa? Me aka yi masa? Da na nuna masa kwalbar, ya juya ta, ya karanta, ya ce, "Alhaji, wannan ka ajiye wa shanu." Bai ƙara ko kalma ba, kuma na fi jin kunyar hakan fiye da a ce ya yi min faɗa.

Ya sa ma'aunin zafi ta dubura, ya nuna min 38.1. Ya ce lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5, saboda haka babu zazzaɓi, kuma wannan kaɗai ya rage masa fargaba biyu. Ta farko ita ce annobar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ba su kai sauro girma ba ke yaɗawa, musamman da damina, daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. Ya ɗora yatsa a ɗan ramin nan da ke saman idon doki, ya ce a irin wannan ciwo nan ne ke cika ya kumbura, ta ɓangarori biyu, sai kai da wuya su bi, kuma ba ta da magani, sai dai rigakafi da kare doki daga cizo. Na Akawal ramukan na nan a lotse. Ta biyu ita ce ciwon kaluluwa mai yaɗuwa, wanda ke kumbura ƙarƙashin muƙamuƙi da maƙogwaro, ya zo da zazzaɓi da majina mai kauri, ya bi barga doki bayan doki ta bokitin ruwa da hannun masu kula. Ya shafa ƙasan muƙamuƙin, babu komai.

Kawu ya ce, "To, likita, macijin fa?"

Ya ce, "Baba, da maciji ne ko zuma, da cikin sa'o'i kaɗan ya tashi, ya yi laushi, kuma yawanci a leɓe ko kan hanci, inda yake kai baki cikin ciyawa." Sai ya faɗi abin da ban taɓa sani ba duk shekarun da na yi ina hawa: doki ba ya iya numfashi ta baki, ta hanci kawai yake yi. Ya ce duk ranar da muka ga hanci na kumbura da sauri dokin na gurnanin numfashi, wannan ba abin jiran safiya ba ne, ko ƙarfe biyun dare ne a nemi likita. Na yi dariya a raina, na ce idan ya ɗaga waya.

Daga nan ya matso da hancinsa kusa da bakin dokin ya shinshina, ya ce in zo in ji. Wari ne irin na ruɓaɓɓen nama. Ya yi masa allurar kwantar da jiki a jijiya, cikin minti kaɗan Akawal ya saki leɓe, kansa ya yi ƙasa. Ya ɗauko wani ƙarfen buɗe baki mai maɗauri kamar ragama, ya ɗaura masa, ya wanke bakin da ruwa, ya ɗaura tocila a goshi ya zura hannu har kusan gwiwar hannu. Ni tsakanina da bakin doki iyakata haƙoran gaba, inda muke duba shekaru a kasuwa, da wurin da linzami ke zama. Ashe can ciki akwai matauna shida a kowane layi, sama da ƙasa, hagu da dama, 24 ke nan. Na uku a layin sama na hagu ya tsage gida biyu, harawa ta cushe tsagar ta ruɓe, ƙwayar cuta ta bi ta gangara har saiwar haƙorin ta tara mugunya a cikin ƙashi. Abin da muke gani a kunci hayaƙi ne kawai, gobarar na cikin ɗaki.

Ya ce da a ce ɗaya daga cikin na can baya ne, da wataƙila fuskar ba za ta tasa sosai ba, sai dai mu ga majina mai wari na fita ta ƙofar hanci ɗaya, domin saiwoyinsu na cikin kogon ƙashin fuska. Da na ƙasa ne, da a gefen muƙamuƙi zai fito. Yaron bargata ya ce ai duƙushin maƙwabcinmu ma yana da ƙulli biyu a ƙasan muƙamuƙi. Likita ya tambayi shekarunsa, aka ce uku. Ya ce idan ba zafi, ba ciwo, kuma ɓangarorin biyu daidai suke, sabbin haƙora ne ke tasowa, kada kowa ya kai masa wuta.

Abin da ya fi cin raina shi ne dokin ya daɗe yana gaya min. Wata biyu ina ganin dunƙulen harawa da aka tauna rabi aka tofar a gindin komi. Ina ganin ƙwayar gero ɗungurungum a kashinsa, har kaji na rububi. A wurin kilisa yana kaɗa kai idan na ja linzami ta hagu, ni kuma na ɗauka iskanci ne na ƙara masa ƙaimi. Likitan ya ɗebi geron da muke ba shi ya baza a tafin hannu, ya tsinto tsakuwa uku. Bai rantse cewa su ne suka fasa haƙorin ba, ya ce dai a riƙa rairaye hatsin doki kamar yadda ake yi wa na tuwo.

Kan sakiya kuwa sun ɗan ja da Kawu. Likita ya ce idan aka huda daga waje, mugunya za ta fita, kumburi ya saɓe, kowa ya yi murna, amma ruɓaɓɓen haƙorin na nan, sai ramin ya zama gyambon da ke tsiyaya wata da watanni. Kawu ya ce su da sakiya suka gaji dawaki. Likita ya ce, "Gaskiya ne Baba, kuma akwai ƙurjin da idan ya nuna ni ma fasa shi nake yi. Wannan dai ba shi ba ne." Na yaba masa wannan. Bai raina tsohon a gaban yara ba, bai kuma sassauta ba.

Ranar ya cire ruɓaɓɓiyar harawar, ya yi allurar rigakafin sarƙe-haƙora domin ya ce doki na cikin dabbobin da wannan ciwo ya fi saurin kamawa, ya ɗora shi a kan maganin ƙwayoyin cuta da na rage zafi na kwana biyar. Na rage zafin ya ja min kunne a kansa: kada a wuce kwanakin da ya faɗa, domin yana iya cin cikin doki ya taɓa ƙoda. Wuyan kuma ya ce a riƙa gasa shi da tsumma da ruwan ɗumi. A nan ma ina da ƙorafi. Duk wannan da baki ya faɗa yana ɗaure akwati, bai rubuta komai ba, sai da na sa ɗana ya bi shi har bakin babur da biro. Mai karɓar irin kuɗinsa ya kamata ya bar takarda.

Ya gaya min gaskiya cewa ba shi da na'urar hoton ƙashi, kuma idan haƙorin ya karye a ciki wajen cirewa sai dai mu ɗauki dokin a mota zuwa asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ya ba ni zaɓi, na ce ya gwada.

Bayan mako ɗaya ya dawo, da jinkirin awa uku. Cire haƙorin doki ba irin na mutum ba ne. Ya kashe wurin da allura, ya saki dasashi, ya kama haƙorin da wani dogon awartaki ya yi ta girgiza shi a hankali, hagu da dama, fiye da awa ɗaya da rabi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Sau biyu yana ƙara allurar kwantarwa. Da ɓarin farko ya fito sai da Kawu ya yi salati, don ya kai tsawon ɗan yatsana. Ya jera ɓarorin biyu a kan buhu ya haɗa su ya tabbatar babu abin da ya rage a ciki. Kafin ya kwance ƙarfen ya sa magagari ya goge kaifin sauran matauna, waɗanda suka yi tsini har sun yayyanka cikin kunci.

Kuɗin zuwa biyu, da magunguna, da cirewa, sun tasar wa abin da nake kashewa a abincin dokin na wata biyu. Ba ya ragi, kuma ya faɗi farashin cirewar tun kafin ya fara. Wanda dokinsa na neman abinci ne, na amalanke ko na haya, zai ji nauyinsa ƙwarai. Idan na haɗa da kuɗin kwalbar shanu da kwana huɗun da wuya ya ci, ni na san inda asarata take.

Sati biyu Akawal na kan jiƙaƙƙiyar dusa da ɗanyar ciyawa mai laushi, ana wanke masa baki da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma. Wari ya ɗauke cikin kwana huɗu. Kumburin bai gudu da sauri ba, domin ƙashi ne ya tasa, ya ɗauki kusan wata biyu kafin fuskar ta koma daidai, kuma har yau idan ka shafa za ka ji ɗan tudu. Likita ya hana sa linzami har ramin ya cike, saboda haka ranar hawa a ƙasa na tsaya cikin 'yan kallo, ƙanena ya wuce a kan aron doki da rawanina.

Akwai sauran aiki. Haƙorin doki yana ci gaba da tasowa kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, abokin gugarsa ne ke cinye shi. Yanzu na ƙasan da ke fuskantar giɓin ba shi da abokin guga, zai yi ta tsawo har ya shiga ramin, don haka sai an riƙa goge shi duk wata shida. Wa'adin farko ya cika makon jiya. Na kira shi ranar Litinin, ya ce Laraba ƙarfe 10. Na ce wa yaron barga ya ba dokin abincin rana kamar kullum, ya kuma shimfiɗa mana tabarma a inuwar darbejiya bayan azahar.