But ɗin gwanjo ko sabon kambas don hawan Afadjato?

Ƙanena, tsakanin takalmin but na gwanjo na kasuwar Kantamanto da ke Ankara, babban birnin Gana, da sabon kambas ɗin da ka gani ana talla a waya, but za ka ɗauka. Tunda ka ce hawan dutsen Afadjato kuka nufa, kuma a watan Yuni, tsakiyar damina ke nan, ai magana ta ƙare. Sai dai gwanjon ma suna ya tara. Akwai wanda in ka saya, gara a ce kuɗin faɗuwa suka yi a mota, shi ya sa zan ɗan ja ka da nisa.

Nawa but ɗin na saye shi tun kafin gobarar da ta ci kasuwar a farkon Janairun 2025, kuma har yau shi nake sawa. Ruwan ƙasa ne, samansa fata, wuyansa ya rufe idon sawu, ƙasansa kuwa haƙora ne manya masu zurfi. Ranar da na kawo shi gida unguwar Nima, mutanen gida cewa suka yi na sayo takalmin masu haƙar zinariya. Ba shi da kyan gani, gaskiya ne. Ranar da na san darajarsa ita ce ranar da muka je Liati Wote, ƙauyen da ke gindin dutsen, mu shida. Mun kwana a Hohoe, aka kwana ana ruwa, da safe gari ya waye tas. Muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ɗan jagora, muka kama hanya.

Ga abin da mutane ba sa faɗa game da Afadjato. Ana lissafa tsayinsa mita 885, ana kiransa dutse mafi tsawo a Gana, sai mutum ya zaci hawan ne zai ba shi wuya. Hawan akwai haki, don hanyar a tsaye take, amma gajera ce, cikin kamar awa guda mai ƙarfin ƙafa ya kai. Ka huta a sama, in babu hazo ka hango duwatsun Togo ga su nan kusa. Saukowa ita ce jarrabawar. Ƙasar ta jiƙe, saiwoyin itatuwa sun gitta hanya suna ta santsi, ganye ya rufe ƙananan duwatsu masu motsi, ga ƙafa ta riga ta gaji tana rawa. Wani abokinmu da ya sa takalmi mai sumul ɗin ƙasa sau uku yana zamewa, a na ukun ya dafa ƙasa da hannu har tafinsa ya yanke. Daga nan da zaune ya riƙa saukowa a wuraren da suka fi gangara. Ni na karɓi jakarsa na haɗa da tawa, kuma duk da kaya biyu a bayana, inda na dasa ƙafa nan take tsayawa. Sau ɗaya dutse ya juya a ƙarƙashina, na ji ƙafar ta nemi lanƙwashewa, wuyan but ɗin ya tare ta. Da ba don haka ba da targaɗe zan koma Ankara, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota. Da la'asar ɗin ranar ma muka taka har ruwan Tagbo mai zubowa daga dutse, cikin gonakin koko da laka, na dawo ko bororo babu.

Kambas kuwa, ba zan ce ba shi da amfani ba. Ba shi da nauyi, yana shan iska, yana saurin bushewa, kuma in gandun dajin Shai Hills za ka da rani, ko yawo a lambun Aburi, ko ruwan Wli na ƙasa, shi ma mai zubowa daga dutse, inda hanyar shimfiɗaɗɗiya ce da ƙananan gadoji, ya ishe ka. Iyakarsa ke nan a wurina. Na taɓa sayen irinsa wajen wani mai talla a intanet, na hau ruwan Wli na sama da shi. Kafin mu sauko ƙasansa ya buɗe baki, farcen babban yatsana ya yi baƙi, bayan 'yan makonni ya fita. Har yau in na tuna kuɗin nan sai raina ya ɓaci. Akwai takalman gudu na daji masu haƙora a ƙasa, na ƙwarai, waɗanda masu tafiyar nesa a Turai da Amurka suke sawa, amma na gaskensu kuɗinsa ba irin na kambas ɗin da ka gani ana talla ba ne.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi muhimmanci.

Da yawa daga cikin but ɗin da ke zuwa cikin dila sun daɗe a ajiye a gidajen masu su kafin a yar. Tsakanin fatar sama da robar da ke taka ƙasa akwai wani sashe mai taushi, shi ke tare wa ƙafa zafin duwatsu. A but da yawa, da wata irin roba da ake kira PU ake yin sa, ita kuwa danshin iska yana cin ta a hankali, ko an sa takalmin ko ba a sa ba. Wanda aka ajiye ma ya fi saurin lalacewa. To ka haɗa wannan da zafi da danshin garinmu. Sai ka ga but kamar sabo, haƙoransa ko cinyewa ba su yi ba, ka yi murna ka yi tsintuwa, rabin hanya ya fara zubar da gari kamar busasshen burodi, ƙasan ya rabu da saman gaba ɗaya. Wannan ba ya gyaruwa da gam. Saboda haka in ka ɗauki but, kada kyan fatar ya ruɗe ka. Ka danna wannan sashe na tsakiya da farce, da ƙarfi, musamman wajen diddige. In ya lotsa bai dawo ba, ko ya yi danƙo a yatsa, ko ka ga ƙananan tsaga, ajiye shi. Ka lanƙwasa takalmin biyu, ka murɗa shi kamar mai matse wanki, ka duba ko wani wuri zai buɗe. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Wanda ya fara cewa kada ka ɓata masa kaya, ka ba shi abinsa ka yi gaba.

Akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da yawa, wanda ya sayar mini da nawa shi da kansa ya hana ni wani da na fara ɗauka. Amma akwai masu shafa baƙin fenti a kan tsagar, su liƙe ƙasan da gam da daddare, su goge da man takalmi ya yi ta ƙyalli. Ka sansana, sabon gam ba ya ɓuya. Akwai masu haɗa ƙafa biyu da ba tare suka zo ba, kala ɗaya, lamba daban. Ka ɗaga harshen kowace ƙafa ka karanta lambar da kanka, ka jera su ƙasa da ƙasa ka gani ko tsawonsu ɗaya. Ka zaro shimfiɗar ciki ka leƙa, nan ne ake ɓoye rami.

Za su nuna maka wata alama ruwan ɗorawa mai kusurwa takwas a ƙasan takalmin, an rubuta Vibram. Ta gaske abin nema ce. Wani ɗan Italiya mai hawan duwatsu, Vitale Bramani, shi ya fito da irin wannan ƙasan roba a 1937, bayan abokan hawansa shida sun mutu a duwatsun Alps a 1935, ya ga rashin takalmin kirki yana cikin abin da ya jawo. Amma alamar a robar waje take, ba ta ce komai game da sashen tsakiya ba, kuma ana buga ta jabu. Haka ma in an ce maka Gore-Tex ne, ruwa ba ya shiga, kada ka ƙara ko sidi ɗaya saboda wannan. A tsohon takalmi sau da yawa abin ya riga ya huje, kuma a zafinmu gumi ne zai jiƙa ka tun daga ciki.

Batun lamba, ka ƙara ɗaya a kan wadda ka saba sawa. Ƙafa tana kumbura da tafiya, kuma a gangara yatsu gaba suke tafiya su daki bakin takalmi, abin da ya ci farcena ke nan. Ka tafi kasuwa da safa mai kauri a aljihu. Ka sa but ɗin ba tare da ka ɗaure ba, ka tura ƙafa gaba har ƙarshe, yatsan hannunka ɗaya ya iya shiga bayan diddige. Sannan ka ɗaure tam, ka buga bakin a ƙasa sau biyu. In ka ji yatsu sun taɓa, bai yi ba, ko da mai kaya ya rantse fata tana buɗewa. Faɗi take buɗewa, ba tsawo ba.

In ka samu, ka kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki in ƙirar ta yarda, sannan ka yi mako biyu kana sa shi zuwa aiki da kasuwa kafin ranar tafiya. Ka jefa silifas a jaka saboda alwala, don kwance igiyar but da ɗaure ta a kan hanya aiki ne. Ruwan sha lita biyu kowane mutum, ku fara hawa da sassafe, kuma in hadari ya haɗo kuna sama, ku sauko, kada ku tsaya ɗaukar hoto a kan tsauni ana tsawa.

Ka je kasuwar da safe lokacin da ake fasa kaya. In ka ga wanda ya kwanta maka, ɗauki hoton ƙasansa da gefen diddigen ka turo mini kafin ka biya, zan duba maka in sha Allahu.